Mitar suga ta mutane tana faɗin gaskiya a jinin kyanwa kuwa?

Mai Kyanwa, Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman masu sani su warware mini wani abu. An tabbatar wa kyanwarmu ciwon suga, an ɗora ta kan allurar insulin safe da yamma. Da mitar da ake gwada sugan mutane nake gwada ta a gida. Ranar da za mu koma asibiti na gwada kafin mu fita, mita ta nuna 210. Bayan kamar awa ɗaya aka ɗebi jininta a can, sakamakon lab ya fito 265. Wanne zan kama? Mitar ce ta lalace, ko dama ba ta dace da jinin kyanwa ba? Tsorona kada in ƙara mata allura a kan lambar da ba daidai ba.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Da wuya a ce mitarki ta lalace. Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan tazarar ta 55.

Na farko yana cikin jinin kansa. A jinin ɗan Adam, kusan kashi 58 cikin 100 na suga yana cikin ruwan jini, sauran kashi 42 yana cikin jajayen ƙwayoyi. A kyanwa kusan kashi 93 yana cikin ruwan jini, ɗan kaɗan ne a ƙwayoyin. Mitar mutane an gina lissafinta kan rabon jinin mutum, shi ya sa idan aka ɗiga mata jinin kyanwa yawanci takan nuna ƙasa da abin da lab zai nuna, kuma tazarar takan ƙara faɗi idan sugan ya hau sosai.

Na biyu, ko a jikin mutum mitar gida ba lab ba ce. Ƙa'idar duniya ta ingancin mitocin suga, ISO 15197 ta 2013, cewa ta yi kashi 95 cikin 100 na sakamako su kasance cikin kashi 15 sama ko ƙasa da na lab idan suga ya kai 100 mg/dL, in bai kai 100 ba kuma cikin 15 mg/dL. Wato idan ainihin sugan 300 ne, mita lafiyayya tana iya nuna 255 ko 345, kuma ba ta karya doka ba.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi: ba lokaci ɗaya kika gwada ba. Kyanwa dabba ce da tsoro kaɗai ke tayar mata da suga. A sa ta a kwali, a ɗora a Keke Napep cikin rana da hon, a kai ta inda take jin warin karnuka, a danne ta a kan tebur. Ko kyanwar da ba ta da ciwon komai sugan ta na iya haura 250 a irin wannan hali. Saboda haka sau da yawa lambar da kika samu a gida, kyanwa na kwance a inda ta saba, ta fi kusa da gaskiyar yadda take kwana take tashi.

Don Allah kada ki ƙara ko rage allura a kan lamba ɗaya. Ana duba jerin gwaji ne: a gwada kafin allurar safe, sannan duk bayan awa 2 har zuwa allurar yamma, in kuma insulin irin glargine ake mata, duk awa 3 zuwa 4 ya isa. Abin da muke nema shi ne lambar da ta fi ƙasa a yinin ta tsaya tsakanin 80 da 150, sauran yinin kuma kada ta daɗe sama da 250 zuwa 300. Ki rubuta lokaci, lamba, abin da ta ci da yawan allurar, ki kai wa likitanta. Ki kuma tabbatar ma'aunin da mitar ke nuna suga da shi mg/dL ne. Idan kika ga ƙananan lambobi irin 11.7, to ɗaya ma'aunin ne, mmol/L, sai ki ninka da 18 ki samu mg/dL.

Ɗan Kemis, Gawon Nama:

Dakta ya gama magana kan jini. Ni abin da zan ja hankalinki a kai tsinken gwaji ne, wato siririn abin da ake sakawa a mita a ɗiga masa jini, domin a garin nan shi ya fi ɓata sakamako. Yawancin kamfanoni sun rubuta a jikin robar kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ana haura 40 a Sakkwato, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin ya fi haka. Maganin da ke bakin tsinken zafi na kashe shi a hankali, ba kuma za ki gani da ido ba. Kada a bar robar a mota, kan taga ko kusa da murhu. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a sa cikin durowa ta ƙasa. A ciri ɗaya a rufe murfin nan take, musamman da damina, saboda laima ma na lalata shi. Kada a sayi na warwatse da aka zuba a leda, kuma a duba ranar ƙarewa. Ita kanta mitar tana da iyakar zafin da take aiki a ciki, yawanci wajen digiri 40 zuwa 45, yana rubuce a takardarta.

Shawarata, tunda an san mitar mutane na ragewa, ki riƙa ƙara kamar kashi 20 a kan duk abin da ta nuna.

Ma'aikacin Lab, Arkilla:

Malam, maganar tsinke gaskiya ce, amma ta ƙara kashi 20 ɗin nan ban yarda da ita ba, kuma tana da haɗari. Ragin ba iri ɗaya ba ne a kowace mita, ba kuma iri ɗaya ba ne a sama da ƙasa. A ce mita ta nuna 55, a ƙara kashi 20 ya zama 66, sai mutum ya ce ba komai ya yi allura. Idan mitar gaskiya ta faɗa fa? Sugan da ya hau yana cutarwa a hankali, wanda ya faɗi kuwa yana kashewa cikin awoyi. Lambar ƙasa a ɗauke ta yadda ta zo.

Hanyar da ta dace ita ce ki san halin mitarki ke kanki. Ranar asibiti ki tafi da ita. Daga jinin da aka ɗebo a sirinji a ɗiga digo ɗaya a kan tsinken nan take, sauran a tura lab. Ki roƙi a sa na lab ɗin a kwalba mai murfi ruwan toka, ko a juya shi a na'ura a raba ruwan jinin da ƙwayoyin cikin minti 30, domin ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin suga a cikin kwalba, kusan kashi 5 zuwa 7 duk awa, a zafi ma fiye. A maimaita haka a ranaku daban, wata rana suga na sama wata rana na ƙasa. Daga nan kin san tazarar taki. Sai ki tsaya kan mita ɗaya da tsinke iri ɗaya, kada yau wannan gobe waccan.

A duba PCV ɗinta ma, wato yawan jajayen ƙwayoyin da ke jininta. Kyanwar da jininta ya yi ƙasa, mita takan nuna suga sama da yadda yake. Wadda ruwan jikinta ya ƙafe kuma jinin ya yi kauri, takan nuna ƙasa. Mai ciwon suga tana yawan fitsari, ga zafinmu, to ƙafewa ba ta da wuya.

Akwai gwajin furuktosamin da ke nuna matsakaicin suga na mako 1 zuwa 2 da suka wuce, kuma tsoron asibiti ba ya taɓa shi. Ki tambaya a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko za a iya yi ko a tura samfurin.

Mai Kyanwa, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, to in nemi mitar dabbobi ne? Sannan jinin kunnen baya fitowa sosai, sai na matsa.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo:

In da hali, mitar AlphaTRAK ta kamfanin Zoetis an saita ta ne don kyanwa da kare, kuma digon da take buƙata ƙarami ne ƙwarai, 0.3 na maikurolita. A jikin robar tsinkenta akwai lambar kyanwa da ta kare daban, dole a sa ta kyanwa. Matsalarta tsinken, yana da tsada kuma sai an yi odarsa daga nesa. Mitar da tsinkenta ya ƙare ba ta da amfani, don haka ta mutanen da za ki samu tsinkenta a kowane kemis, wadda kika san tazararta, ta fi miki. Akwai kuma ƙaramar na'urar FreeStyle Libre da ake mannawa a fata bayan an aske gashin. An yi ta don kwana 14, amma kyanwa kan sosa ta cire kafin nan, kuma ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, wanda ke bin bayan jini da ƴan mintuna, saboda haka in ta nuna ƙasa a tabbatar da digon kunne.

Matsawar nan ki daina, Hajiya. Idan aka matse kunne, ruwan tsoka na gauraya da jinin ya sirka shi, lamba ta sauka. Digon da bai cika tsinke ba ma wasu mitoci kan karanta shi ƙasa. Ki ɗumama kunnen tukuna: ki zuba shinkafa ɗanya a safa, ki ɗora kan murfin tukunya mai zafi har ta yi ɗumi, ki taɓa a wuyan hannunki, sannan ki riƙe a kunnen kamar minti ɗaya. Da hunturu wannan dole ne, jijiyar kan noƙe da sanyin safe. Ki haska fitilar waya ta bayan kunnen, za ki ga siririyar jijiya tana bin gefe. Ki shafa basilin ɗan kaɗan don digon ya taru kada ya bi gashi, ki tokare da auduga ta ciki, ki soka tsakanin jijiyar da bakin kunnen. Ki sa tsinken a mita kafin ki soka. Sifirit ba dole ba ne, in kin shafa ki bari ya bushe sarai. Ki wanke hannu, domin ɗanɗanon dabino ko shayi a yatsa ya isa ya ɗaga lambar. Bayan nan ki danne wurin da auduga daƙiƙa 20 zuwa 30, gobe ki koma ɗaya kunnen.

Idan mita ta nuna ƙasa da 65, ko kika ga tana layi, tana rawar jiki, idanu sun buɗe ba ta gane ki, kada ki yi allura. In tana iya ci ki ba ta abinci. In ba ta iya ba, ki shafa zuma a dasashinta da yatsa, kada ki ɗura mata komai a baki, ki sake gwadawa bayan minti 15 kina hanyar asibiti.

Ki kuma duba sirinjinki yau. Insulin irin Caninsulin da ProZinc U-40 ne, wato yunit 40 a mililita ɗaya, Lantus (glargine) kuma U-100 ne, yunit 100 a mililita ɗaya. Idan aka ja Lantus da sirinjin U-40, kyanwa ta sami ninki 2.5 na abin da aka rubuta mata. Ki turo hoton kwalbar da sirinjin tare in duba.