Fili ko fansho, wanne ne zai riƙe mutum bayan ritaya?

Baban Khalifa: Ni fa har gobe ina kan bakana, ma'aikacin da ya zauna yana jiran fansho kansa ya cuta. Fili shi ne fanshon gaskiya. Farkon 2023 dala tana wajen 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500, to kuɗin da ake ta yankar ma mutane tun 2004 da Obasanjo ya kawo tsarin fanshon nan me za su saya yanzu? Wanda ya sayi fuloti a bayan gari a lokacin kuwa yau sai dai a ce masa Alhaji

Maman Iman: Wane filin? Na awon igiya? Ƙanin maigidana fili ɗaya su uku dillali ya sayar wa, har yau suna sintiri a kotu

Baban Khalifa: Wannan rashin bincike ne Hajiya, ba laifin fili ba

Malam Auwalu: Yallaɓai ka yi haƙuri amma lissafinka da gyara. Tun gyaran dokar 2014 kashi 8 ake cirewa a albashinka, wanda kake wa aiki ya ɗora kashi 10, wato fiye da rabin abin da ke shiga asusun ba daga aljihunka ya fito ba, kuma ba wanda ya ba ka zaɓi balle ka ce na fasa zan sayi fili da shi. Sannan fili baya ba ka kuɗin cefane ƙarshen wata, ranar da ciwon suga ya kwantar da kai dillalai na jin labari za su taya shi rabin kuɗi kuma dole ka saki

Ɗan Kwari: Malam gaskiya ce amma ka faɗi ɗaya ɓangaren mana, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 a ƙarshen 2024, wane PFA, wato kamfanin da ke juya kuɗin fansho, ne ya ba da ribar da ta kamo wannan? Kuma in ka yi ritaya wani kaso kawai za su ba ka a dunƙule sauran su dinga tsakura maka, kuɗinka fa!

Malam Auwalu: Shekarar kam ba su kamo ba, ban musa ba. Tsakurawar kuwa ni rahama nake ganinta, mun ga waɗanda suka karɓi giratuti suka ƙara aure, wasu tsarin damfarar nan na MMM ya kwashe a 2016

Maman Iman: Ni damuwata kuɗin ruwa ce wlh

Malam Auwalu: Hajiya akwai asusun Fund VI da hukumar fansho ta ƙasa PenCom ta fito da shi a 2021, babu ruwa a ciki, irin su sukuk, wato takardun jari na Musulunci, ake zuba kuɗin, ki je wurin PFA ɗinki ki nemi a mayar da ke can. Kai ma Ɗan Kwari tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu

Ɗan Kwari: Ni a bar ni da atamfata, ita nake iya gani da idona

Baban Khalifa: Duk kun gama turancinku, fili dai baya ruɓewa

Maman Iman: Baya ruɓewa amma ana ƙwacewa, dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta bar ƙasa. Naka filayen akwai C of O, takardar mallaka ta gwamnati?

Baban Khalifa: Akwai takardar mai unguwa da shaidu biyu

Ɗan Kwari: Tabɗi