Hotunan mutum-mutumin sarakunan Rum a bangon falo: wanne ya dace?

Mai_Sabon_Gida:
Assalamu alaikum. Na gama fentin falona, kuma akwai bango guda mai faɗi da ya rage babu komai a jikinsa. Na daɗe ina sha'awar tarihin daular Rum, shi ya sa nake so in buga hotuna uku na mutum-mutumin sarakunanta, in sa su a firem in rataye. Waɗanne ne suka fi dacewa, kuma masu launi zan buga ko baƙi da fari? Ina kuma neman shawara kan yadda zan kare su daga ƙura da rana.

Ɗalibin_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka zaɓi hoto saboda kyawunsa, ka fara sanin wane ne a cikinsa, domin waɗannan sassaƙe-sassaƙe an yi su ne don isar da saƙon mulki ga talakawan da yawancinsu ba su taɓa ganin sarkin ido da ido ba, kuma duk baƙon da ya zauna a falonka zai tambaye ka labarinsa.

Da ni ne, da na sa Markus Aureliyus a kan doki a tsakiya. Na tagulla ne, tsayinsa ya haura mita 4, kuma ya tsira daga narkewar da aka yi wa sauran irinsa ne saboda mutanen baya sun ɗauka Konstantin ne, sarkin da ya karɓi Kiristanci. A 1538 aka kai shi dandalin tudun Kapitol a birnin Rum. Yanzu na ainihin yana cikin gidan tarihin wurin, kwafinsa ne a waje. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga gefe, inda za ka ga hannun damansa a miƙe, dokin ya ɗaga ƙafar gaba guda, ƙafafun sarkin kuma suna reto babu likkafa, domin Rumawan zamanin ba su san ta ba. Duk wanda ya san hawan doki zai tsaya a gaban wannan.

Na biyu shi ne Augustas na Prima Porta, wanda aka tono a 1863 a gidan matarsa Libiya, yanzu yana gidan tarihin Batikan. Maimakon hoton jikin duka, na fi son na ƙirjin kaɗai, inda aka sassaƙa wa sulkensa labarin yadda Farisawan Fartiya suka mayar wa Rum tutocin yaƙinta a shekara ta 20 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan sun ƙwace su a shekara ta 53 kafin haihuwarsa. Na uku kuwa, Septimiyus Seberus, wanda aka haifa a Leptis Magna cikin ƙasar Libya ta yau, ya kuma yi mulki daga 193 zuwa 211. Karakalla ɗansa ne, kuma an sassaƙa shi da gwaninta, amma fuskarsa a murtuke take, ga shi kuma ya sa an kashe ƙanensa Geta, don haka ba zan so shi a wurin karɓar baƙi ba.

Baƙi da fari ya fi fito da marmara, saboda inuwa ce ke nuna ninkin tufafi da gashin kai.

Uwargida_Zazzau:
Ɗan'uwa, akwai abin da ya kamata ka warware tun kafin ka kashe kuɗinka. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto yana cikin Buhari da Muslim, kuma malamai sun yi saɓani kan hoton da ke kan takarda, wanda ba shi da inuwa, don haka ka zauna da malaminka, musamman idan ana salla a falon. Ka kuma lura cewa a ƙafar Augustas akwai ɗan ƙaramin gunkin Kupid, wanda Rumawa suka ɗauka ɗan allahiyarsu Binus ne. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, sassaƙar Rum ba ta tsaya a fuskokin mutane ba. A ƙasan bangon Ara Pacis, wato bagadin zaman lafiya na zamanin Augustas a birnin Rum, wanda aka ƙaddamar a shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai sassaƙar ganyaye da furanni masu nannaɗewa da ta kai kowace fuska kyau, sai dai a zaɓi ɓangaren da babu tsuntsaye. Rubutun da ke gindin ginshiƙin sarki Tarajan a birnin Rum, na shekara ta 113, shi ma yana yin kyau ƙwarai a firem.

Mai_Firem:
Alhaji, ni a kan aikin zan yi magana. Kada ka buga hoton da ka kwafo daga waya, domin zai farfashe idan aka ƙara girmansa. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya saki hotuna masu inganci kyauta a intanet tun 2017, ciki har da kawunan sarakunan Rum. Ka buga a takarda marar sheƙi, a sa kwali mai kauri tsakaninta da gilashi don kada danshin damina ya manne su, a kuma liƙe bayan firem ɗin gaba ɗaya saboda ƙurar hunturu. Ka guji bangon da ke kallon taga, tsakiyar hoton kuma ta kasance kamar santimita 150 daga ƙasa.

Mai_Sabon_Gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara ganin malamina ranar Juma'a. Mai_Firem, wane launin katako kake ganin zai dace da fenti ruwan madara?