Ɗana ya bar majami'armu, ga zaɓen dattawa ya matso

Maman Biyar, Zuru: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku taimake ni da shawara, kwana uku rabona da barcin kirki. Mu mutanen wajen Ribah ne, rashin tsaro ya koro mu Zuru, muna hayar ɗaki biyu. Maigidana ba jiya ya fara bin Ubangiji ba. Surukina sai da ya yi golmo shekara 7 a gonar surukansa kafin a ba shi mata, daga baya ya tuba, kuma shi ya ba da filin da aka gina majami'ar ƙauyenmu. Ni ma a Zumuntar Mata ni ke buga tulu. Kullum da asuba muna addu'ar iyali: waƙa, karatu, addu'a, sannan kowa ya kama gabansa. To babban ɗanmu, shekararsa 19, tun abin da ya faru bai ƙara fitowa ba. Yanzu wata sabuwar coci yake zuwa, masu Turanci da jita. Ga zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, maigidana kuma yana cikin waɗanda ake sa ran zaɓa, har an fara gunaguni wai wanda gidansa ya fi ƙarfinsa ba zai riƙe ikilisiya ba. Yaya zan yi?

Baba Mai Ritaya, Birnin Kebbi: 'Yata, masu gunagunin ba su yi ƙarya ba. Buɗe 1 Timoti 3:4-5. Gida shi ne ikilisiya ta farko, uba ne limaminta. Joshuwa bai ce shi kaɗai zai bauta wa Ubangiji ba, ya ce shi da gidansa. Yaron da ke cin tuwon gidanku ya bi ku majami'a, magana ta ƙare.

'Yar Yauri: Mama, mene ne "abin da ya faru"? Kin ba mu labarin kakansa kaf, kin tsallake nasa.

Maman Biyar: Ba wani abu ba ne, tsakanin uba da ɗa ne. Kuma babansa ba mai zafin hannu ba ne, ranar ce kawai.

Matashi daga Dabai: Ranar ce kawai? A gaban mutane ne ko a ɗaka? Baba ya kawo Timoti, ni kuma ga Afisawa 6:4, inda aka ce wa ubanni kada su tsokani 'ya'yansu. Mu matasa sujada awa uku, rabinta sanarwa da baiko kala-kala, mu jera benci mu share, amma ranar yanke shawara a ce mu yara ne. Ni kaina saura kaɗan.

Baba Mai Ritaya: Ka gani ko? Irin wannan bakin ne ya cinye zamani. Na haifi 8, babu wanda ya taɓa sauya majami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yata, ki kai maganar gaban fasto kafin Lahadi, a zaunar da yaron.

Gwauruwa, Zuru: Kada ki kai, sai dai in kina so ki ji labarinki a kasuwa. Ku dai kuna da uban da za a zaɓa. Tun rasuwar maigidana dattawa sau ɗaya suka taka gidana, amma katin gudummawar gini bai taɓa ɓatan hanya ba. Yaronki coci yake zuwa, ba mashaya ba. Ki gode wa Allah.

'Yar Yauri: Ni dai a ganina babansa ya shiga ɗakinsa shi kaɗai, ya ba shi haƙuri. Dattijon ya jira wani zaɓen.

Maman Biyar: Haba 'yar'uwa, uba ya ba ɗa haƙuri? Ba ki san maigidana ba. Kuma shekara 12 yana koyar da makarantar Lahadi, ya cancanta. Marin ma da dalili, kuɗin baikon matasa ne ya yi ƙasa a hannun yaron, ko da yake daga baya an gan su a jakar wani.

Matashi daga Dabai: Mama, an gan su a jakar wani?!

Baba Mai Ritaya: Wannan ba ya hana biyayya. Fasto dai, kafin Lahadi.

Maman Biyar: Na gode muku duka. Ni abin da nake so, wace aya zan tura masa a WhatsApp wadda za ta dawo da shi kafin zaɓen?