Abin da na tsinta a hirarmu kan yoga

Ranar Asabar a Ƙofar Ƙaura, hirarmu ta mata ta gangaro kan yoga, motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya. Wata malamar jinya ta ce a fara da minti goma bayan sallar asuba, bisa tabarma, kafin karin kumallo. Miƙe gadon baya a hankali yana rage ciwon ƙugu, musamman ga masu wuni kan keken ɗinki. Ni dai jan numfashi ta hanci a sake shi sannu-sannu ya fi kama ni. Na gwada, barcina ya gyaru. Hajiya ta ja kunnenmu: a ɗauki motsin, a bar abin da ya shafi bautarsu. Mai juna biyu da mai hawan jini su fara tuntuɓar likita.