Yaya za a shirya karatu da horo ga ma'aikatan gona ba tare da ajin ya watse ba?

Mai Kula da Gona ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da ma'aikata 18 a wata gonar kayan lambu, kuma fiye da rabinsu ba sa iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin feshi. A bara ɗaya daga cikinsu ya ninka ma'aunin maganin ƙwari saboda ya ɗauka cewa yawansa shi ne ƙarfinsa, ganyen ya ƙone, shi kuma ya wuni yana fama da jiri da amai. Abin ya tsaya mini a rai, don haka na buɗe ajin karatu da yamma bayan an tashi daga aiki, na kuma samo malami da littattafan koyon baƙaƙe. Mutum 14 ne suka fara zuwa, amma kafin a cika mako biyar saura uku kawai. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ilimin manya: a ina na yi kuskure, kuma shin karatu ya kamata a fara koya musu ko kuwa dabarun aikin kansu?

Malamar Ilimin Manya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri a kan wannan niyya. A ganina kuskuren yana cikin raba karatun da aikin da ka yi, domin magidancin da ya wuni a sunkuye cikin rana ba zai jure zaman maimaita baƙaƙe daga littafin da aka tsara wa yaro ɗan shekara shida ba. Yana jin nauyi a gaban 'yan'uwansa, kuma ba ya ganin abin da darasin zai tsinana masa gobe da safe.

Wannan matsala tsohuwa ce. A taron ministocin ilimi da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a birnin Tehran na ƙasar Iran a 1965 aka fito da ra'ayin cewa a ɗaura koyon karatu a kan sana'ar da mutum yake ci da ita. Kafin nan ma, a 1963, masanin ilimi Paulo Freire ya gudanar da aji a garin Angicos na ƙasar Brazil, inda manya kusan 300 suka koyi karatu cikin darussa na sa'o'i 40, kuma dabararsa ita ce ya fara tattara kalmomin da mutanen suke furtawa kullum, sannan a rarraba su gaɓa-gaɓa a gina sababbi da su. Kai ma ka yi hakan. Ka kawo kwalbar da aka wanke, da buhun taki, da takardar da ake rubuta kwanakin aikinsu, su zama su ne littattafan ajin. Ranar farko kowa ya koyi rubuta sunansa, domin na sha ganin yadda fuskar dattijo take sauyawa a ranar da ya fara sa hannu a takardar albashi maimakon dangwala yatsa, kuma wanda ya ɗanɗani wannan ba ya saurin barin aji.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa. Daga shekara 40 zuwa sama ido yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, saboda haka wasu da ake zaton sun kasa fahimta, tabarau kawai suke buƙata. Ka lura da wanda yake nisanta takarda daga fuskarsa.

Malamin Gona ya amsa:

Na yarda da Malama, amma ina roƙon kada a jira sai sun iya karatu kafin a koya musu abin da zai kare rayukansu. A ƙasashe da dama akwai zanen launi a gindin takardar jikin kwalba, bisa rabe-raben haɗari na Hukumar Lafiya ta Duniya: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore. Kusa da shi akwai ƙananan hotuna na safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Wannan darasin rabin sa'a ne, kuma ba ya buƙatar baƙi ko ɗaya. A haɗa musu da alamomin guba irin su gumi mai yawa, dalalar miyau, ciwon kai da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da kuma ɗauraye kwalba sau uku ana juye ruwan cikin tankin feshi kafin a huda ta.

Lissafi kuma a fili ake koyar da shi. A auna mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance, a zuba ruwa zalla a famfon feshi na goyo, mutum ya fesa wurin da irin tafiyar da ya saba, sannan a duba abin da ya ragu. Idan lita 2 ta tafi a wannan murabba'in mita 100, to hekta ɗaya za ta ci lita 200, wato tanki 12 da rabi na mai ɗaukar lita 16. Idan takardar ta ce lita ɗaya ta magani ga kowace hekta, kowane tanki zai sami mililita 80. Wanda ya yi wannan da hannunsa sau biyu ya koyi ninkawa da rabawa ba tare da an kira su da sunansu ba, kuma zai gane dalilin da ya sa murfin kwalba ba ma'auni ba ne.

Irin wannan tsari ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indonesiya a 1989 da sunan makarantar manoma a gona, bayan da yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna a gonakin shinkafa. Mutum 25 ko kusa da haka sukan haɗu sau ɗaya a mako tun daga shuka har girbi, su kwatanta fili biyu, su zana abin da suka gani a jikin shuka, su yanke shawara da kansu.

Tsohon Lebura ya amsa:

Da izinin malamai, ni na yi shekaru ina aikin ƙwadago a gonakin mutane kafin na koyi karatu, kuma ina ganin ba a taɓo babban dalilin ba. Lokacin da ka zaɓa, Malam, lokacinsu ne na kansu. Da yamma wani yana da 'yar gonarsa, wata tana da yara da girki, wani kuma tafiya mai nisa ce a gabansa. Idan horon zai amfani gonar, adalci shi ne a yi shi cikin sa'o'in aiki kuma a biya su. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, domin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 140 ta 1974 a kan hutun neman ilimi wanda ake ci gaba da biyan albashi a cikinsa, da mai lamba 184 ta 2001 wadda ta ɗora wa mai gona alhakin ba ma'aikata horo da bayanin da za su fahimta game da haɗarin aikinsu. Minti 45 sau biyu a mako da hantsi ya fi sa'a biyu da dare, kuma a dakatar da ajin gaba ɗaya a makonnin girbi. Sannan a ba kowa takardar shaida da sunansa, wadda ta faɗi abin da ya iya, ya riƙe ta ko da ya bar wurin.

Mai Kula da Gona ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, kuma maganar ɗan'uwa ta ƙarshe ta shige ni. Abin da nake hange shi ne mai gonar zai ce idan ya biya kuɗin horo kuma ya ba da takardar shaida, ma'aikatan za su tafi inda aka fi biya.

Malamar Ilimin Manya ta ƙara da cewa:

Wasu za su tafi, kuma haƙƙinsu ne, kada ka yi masa alkawarin akasin haka. Abin da za ka kai masa shi ne lissafin bara: kuɗin maganin da aka zubar fiye da ƙima, amfanin da ya ƙone, da kwanakin da ma'aikacin nan ya yi a kwance. Ka ajiye wannan kusa da kuɗin sa'a ɗaya da rabi a mako na mutum 18, ka roƙe shi gwajin wata uku kacal. Mutum ukun da suka rage kuma kada ka sake su. Ka zauna da su kafin ka sake buɗe ajin, su zaɓi ranakun da kansu, su kawo kalmomi 20 na farko, sannan ka ba kowannensu mutum biyar da zai riƙa taimaka wa a fili.