Wane irin tambari da zane ya dace da gangamin bincike kan lafiyar jima'i?

Tambaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. An ba ni aikin tsara tambari da launuka da fosta na wani bincike da ke neman waɗanda za su amsa tambayoyi kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i. Masu binciken suna son maza da mata, matasa da dattawa, masu aure da marasa aure, har da masu buƙata ta musamman, kowa ya ji da shi ake. Idan na sa hoton ma'aurata, marasa aure za su ɗauka ba nasu ba ne, idan kuma na sa matashi shi kaɗai, ya zama kamar nuna yatsa. Ina neman shawararku.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ka bar hotunan mutane na gaske, domin duk wanda fuskarsa ta fito a irin wannan fosta jama'a za su ɗauka yana ɗauke da cutar, kuma takardar amincewa da ya sa wa hannu ba za ta kare shi daga tsangwama ba. Zanen hannu ya fi ba ka sarari: ka haɗa mutane masu bambancin shekaru da launin fata da sutura, da mai keken guragu a cikinsu, ba tare da an ware kowa gefe ba. Dubi jan ƙyallen nan da ƙungiyar masu zane ta Visual AIDS ta fito da shi a New York a 1991. Ba fuska ba rubutu, shi ya sa kowa ke iya maƙala shi a riga. Sai dai ya riga ya zama alamar ƙanjamau, don haka kada ka are shi idan bincikenku ya fi haka faɗi.

Amsa ta biyu

Ina ƙari da batun karatu. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su karantu ga masu buƙata ta musamman, ta nemi bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, kuma da yake wasu, musamman maza, ba sa rarrabe ja da kore, kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ka buga fostar da baƙi da fari ka gani ko tana karantuwa, sannan duk hoton da za a ɗora a intanet a rubuta masa bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Amsa ta uku

Malama mai amsa ta farko ta yi gaskiya, amma ina jin tsoron a sakaya magana har mutum ya kasa gane me ake nema a wurinsa. Wannan bincike ne, kuma kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike sai ya amince da duk takardar gayyata kafin a raba ta, saboda haka dole fostar ta faɗi abin da za a tambaya da cewa shiga ganin dama ne. Ka kuma guji ban tsoro. Tallan wayar da kai kan ƙanjamau da aka yi a Ostireliya a 1987 mai nuna siffar mutuwa tana kaɗe mutane ya ja hankali ƙwarai, amma an soke shi da ƙara wa masu cutar ƙyama. Kafin bugawa, ka nuna zane biyu ko uku ga kowane rukuni daban, mata su kaɗai, matasa su kaɗai, ka tambaye su ko za su yarda a gan su riƙe da takardar a bainar jama'a.