Mene ne ya raba "ask", "question" da "interrogate"?

Ɗalibin shari'a:
Assalamu alaikum. Malamai, ƙamus ɗina ya fassara waɗannan kalmomin Turanci uku da "tambaya", amma na lura ba a sanya su a gurbi ɗaya. Ina roƙon a warware mini bambancinsu.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. Asalinsu ne ya raba su. "Ask" tsohuwar kalmar Ingila ce ta yau da kullum, ko yaro mai neman ruwan sha da ita zai yi amfani. "Question" ta shigo daga Faransanci bayan Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da harshensu ya zama na fada da kotu, kuma takan ɗauki ma'anar nuna shakku. "Interrogate" kuwa daga Latin take, harshen tsoffin Romawa, tana nufin titsiye mutum da tambayoyi, irin na 'yan sanda.

Mai fassara:
Gaskiya ne, Malam. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke zaɓar kalmar da ba a saba ji ba don ta fi nauyi a kunne, alhali wanda ya rubuta cewa ya yi "interrogate" ɗin mahaifinsa ya mayar da shi wanda ake tuhuma ne.